Sunan da Inna Ta Rufe da Mayafi

A shekarar da aka mayar da tantance 'yan fansho kan intanet, saura ƙiris a sa mahaifiyata cikin matattu, alhali tana nan zaune a tsakar gidanta a Ƙofa tana tsinkar zogale. Sanarwar ba ta da kwana-kwana. Duk wanda bai shiga shafin hukuma ya tabbatar yana raye ba kafin a tashi aiki ranar Juma'a, za a cire sunansa daga jerin. Inna ta yi shekara talatin da 'yan kai tana karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti, kuma da yawa daga cikin magidantan da ke noma tsakanin Ƙofa da Kusada a hannunta suka faɗo. Sunan nan da ke cikin jerin shi ne kaɗai shaidar da ta rage mata cewa ta yi wannan aiki.

Ni kuwa a Kankia nake aure, a nan nake aiki a wani ofis, ɗakin ajiye fayil. Tunda aka aje mini kwamfuta a gaba, dangi suka naɗa ni sarauniyar duk wani abu mai madannai. Ban ƙi sarautar ba, don ina son a ce na iya. Amma ina da zuciya a kusa, kowa ya sani, kuma ranar Talata da ƙanwata ta bugo ta ce Inna ta ce a gaya mini akwai wata 'yar takarda, sai da na aje wayar na sha ruwa. Wata guda ke nan da fitar sanarwar. Inna ta san da ita tun ranar farko, ta naɗe ta ta cusa ƙarƙashin katifa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu namu goran sai da mota ta tsaya a ƙofar gida aka fara neman wuƙa.

Laraba da hantsi na isa Ƙofa. Damina ce, gero ya kai ƙirji, hanya duk taɓo. Muka gaisa, ta turo mini kwanon fura ba tare da ta dube ni ba.

"Inna, don me ba ki faɗa da wuri ba?"

"Ke, sha furarki. In sunka ce na mutu, su zo su yi mani wanka mu gani."

Na karɓi wayarta, wadda na saya mata shekarun baya, na rubuta adireshin shafin kamar yadda yake a jikin sanarwar. Abin ya yi ta juyawa, can sai ga farin shafi da layi biyu na Turanci. Ma'anarsu ita ce burauzar da ke wayar, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ta tsufa, ba za a yarda a shiga da ita ba don ba ta iya kare bayanan mutum. Na fassara wa Inna.

"To ai ni ma tsohuwa ce," in ji ta. "In tsohwahi ne ba su so, su hito hili su hwaɗi."

Na yi ƙoƙarin sabunta burauzar, wayar ta ce ita kanta ta wuce shekarun ɗaukar sabuwa. Na zaro tawa. Sai da na fita bayan gida na hau tudun da layina ke samun sabis, sannan shafin ya buɗe, amma a sama an rubuta cewa matakin ɗaukar hoto sai da kwamfuta mai kyamara. Ta ofishinmu ba ta da kyamara. Na tsaya a kan tudun nan ina tsaki, awaki suna kallona.

Ina dawowa na tarar da maƙwabcinmu a zaure, wani dattijo da ya yi aikin masinja har ya yi ritaya, shi ma yana cikin masu tantancewar. Ya ji labarin na zo, ya shigo yana murna.

"Ɗiyata, ki daina wahala. Ga wani nan anka turo muna, shi ba ya da tsirhwa. Danna ɗaya shike buɗewa."

Ya miƙo wayarsa. Saƙo ne da ke yawo a zauren hirar tsofaffin ma'aikata na waya, da tambarin hukuma da komai. Na danna, ya kuwa buɗe nan take a wannan tsohuwar waya tasa. Wannan saurin ne ya fara ba ni tsoro. Na duba adireshin da ke sama, ba irin na jikin sanarwar ba ne, an ƙara masa wasu haruffa a wutsiya. Ɗan kwaɗon da ke nuna an kulle hanyar ma babu shi. A layi na uku kuwa ana neman lambar katin banki da lambobin sirrinsa guda huɗu.

"Baba, ka cika wannan?"

"Na hwara. Katin ne ban gani ba, shina cikin aljihun rigar da anka wanke."

Na ce masa ya gode wa Allah da wadda ta wanke rigar. Na nuna masa bambancin adireshin biyu, harafi da harafi, na ce hukuma ba ta tambayar lambar sirrin katin kowa, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne ko da ya zo da tambari. Ya ƙura wa wayar ido kamar ya ga kunama a cikin takalminsa. Daga nan ya ce gobe tare za mu tafi Kankia.

Alhamis da safe muka shiga mota mu uku. Shagon kwamfutar da kowa ke zuwa yana kusa da tasha, ɗaki ɗaya, na'ura biyu, janareto yana ta ɓaɓatu a waje. Tsofaffi sun cika benci har bakin kwata, wasu daga Tafashiya, wasu daga Yashe, kowa da takardarsa a leda. Mai shagon magidanci ne mai fara'a, da furfura kaɗan a gemu, kuma in faɗi gaskiya ya san aikinsa. Ya sabunta burauzarsa, kyamararsa tana aiki, shafin gaskiya yake buɗewa. Na ga haka hankalina ya kwanta. Sai da na zauna na ga yadda ake yi, sannan ya sake tashi.

In tsoho ya zauna, mai shago zai cika masa komai. Da an zo wurin kalmar sirri, sai ya ɗaga murya don kunnen tsohon ya ji: "Baba, taka ita ce sunan garinku da shekarar da ka bar aiki." Tsoho ya ce to madalla. Mai shago ya rubuta sunan mutum da kalmarsa a wani littafin makaranta mai bangon shuɗi, ya aje a kan tebur inda kowa ke iya buɗawa. Burauza ta tambaya ko ta adana kalmar, ya ce mata e. Sannan ya kira na gaba, sau da yawa bai ma fita daga shafin na baya ba.

Babu wanda ya ga aibun abin. A wurinmu, in za ka yi tafiya, maƙwabci kake bar wa mabuɗin rumbu. In ka ɓoye wa mutum abu a gabansa, ka kira shi ɓarawo ke nan ko ba ka furta ba. Tsofaffin nan gani suke sun ba da amana ga ɗan mutunci, shi kuma gani yake yana taimakon iyayensa da ba sa riƙe abu a ka. Na san duk wannan. Amma da layi ya zo kan Inna, ya buɗe littafin nan ya ɗauki biro, sai bakina ya riga hankalina.

"Malam, rufe littafin nan. Ba za a rubuta sirrin uwata a inda mai tallan ƙosai ma zai iya karantawa ba."

Fara'ar mutumin ta ɗauke.

"Hajiya, shekarata goma sha a nan. Wa ya taɓa cewa na ci mashi amana?"

"Ban ce kai ba. Littafin yana da ƙafa? In ka fita salla wa ke gadinsa? In aka sace na'urar nan gobe, ka san duk mutanen nan an sace su tare da ita?"

Gaskiya na faɗa, amma da muryar faɗa na faɗe ta, kuma a gaban jama'a. Inna ta taɓa gefen zanena.

"Ke. Ba a yi ma mutum haka cikin mutane." Ta juya wurinsa. "Yi haƙuri, ɗan nan. Haka Allah ya yi ta, tun tana ƙarama ba ta iya magana a zaune ba."

Aka yi dariya, ni ma kunya ta kama ni. Na ba shi haƙuri da bakina, na roƙe shi ya bar ni in zauna in yi da kaina. Ya tashi ya ba ni kujera, ya koma jikin ƙofa ya harɗe hannu.

Na buɗe sabuwar taga a burauzar, irin wadda ba ta riƙe abin da aka yi a cikinta. Na rubuta adireshin da hannuna, na duba shi sau biyu, na ga kwaɗon yana nan. Na cika lambar fayil ɗinta. Aka turo wasu lambobi a wayarta, na shigar. Kyamara ta ɗauke ta tana harararta. Kalmar sirri kuwa a kunne muka ƙulla ta ni da ita, na buga, da burauza ta nemi adanawa na ce a'a. Ina ta jin daɗin kaina, har na fara gyara zama don a gani.

Sai ga matakin ƙarshe. Ana so mutum ya zaɓi tambaya ɗaya ya ba da amsa, wadda za a riƙa yi masa in ya manta kalmarsa ko in za a sake tantance shi baɗi. Tambayoyin huɗu ne, na karanta mata a hankali. Sunan makarantar firamaren da ta yi: Inna ba ta yi firamare ba, ajin yaƙi da jahilci ta shiga da girmanta. Sunan dabbar da take ƙauna: ta ce akuya dai akuya ce. Saura biyu. Sunan mijinta, ko sunan ɗanta na fari.

Wata tsohuwa a benci ta rufe baki tana dariya ƙasa-ƙasa. Inna ta kawar da kai tana kallon bango.

Wanda ya tsara shafin nan bai san irin su Inna ba. Mahaifinmu ya yi shekaru da rasuwa, amma har yau ba ta faɗin sunansa, ko mai irin sunan ta gani sai ta sakaya. Ɗan fari kuwa ni ce. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin kakata, a can na girma, kamar yadda ake yi. Inna ba ta taɓa goya ni a gaban mutane ba, ba ta taɓa yabona in ji ba, kuma shekarata arba'in da shida ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" nake, ko "waccan", in ta matsu ta ce "ta Kankia". Kunya ce, na sani, kowa ya sani, ana ma yaba mata a kai. Amma ba zan ɓoye ba, tun ina yarinya abin yana ci mini rai. Ƙannena ana kiran su da suna har da kirari, ni sai "ke". Ina jin wani ɓangare na zafin zuciyata daga nan ya samo asali.

Na ce, "Ba sai kin faɗa ba, Inna. Ni zan rubuta."

Na ɗora yatsu a kan madannai, sai na tsaya. Sunana fa? Duk wanda ke bencin nan daga wajen Kusada ya san shi. Mai shago ya gan shi a katin da ke wuyana. Amsar da rabin shago ya sani ba ta tsare komai. Yanzu na gama yi wa mutum faɗa a kan littafi, ga ni zan kulle ƙofa in bar mabuɗin a jiki.

Na sunkuya na yi mata bayani. Na ce amsar tana bukatar ta zama abin da ba mai iya cankowa, kuma na'ura ba ta san gaskiya da ƙarya ba, ko "tukunya" muka rubuta za ta karɓa.

"In yi ma gwamnati ƙarya da tsuhwana? An ce sunan ɗiya, in ce tukunya?"

"Ba ƙarya ba ce, Inna, dabara ce."

"Ni ban san wagga dabara ba."

Na duba agogon bango. Layi yana ƙaruwa, wani dattijo ya fara buga sandarsa a ƙasa. A saman shafin an rubuta cewa in aka daɗe ba a taɓa komai ba zai rufe kansa, a koma farko, kuma janareton ya fara tari. Gobe Juma'a, na san irin cikar da shagon zai yi. Zuciyata ta fara tafasa, na buɗe baki zan yi abin da na saba.

Inna ta ce, "Tashi."

"In tashi?"

"Tashi ki ba ni wuri. Akwai wani."

Ban gane ba. Ba ta dube ni ba, allon take kallo, ta yi maganar a hankali yadda ni kaɗai zan ji. Ta ce kwana bakwai ɗin da ke tsakanin haihuwa da suna, ai jariri ba ya zama haka nan a hannun uwarsa. Akwai abin da take kiran jaririyarta da shi a ɗaki, in ba kowa. Ranar suna dangin uba suka raɗa nasu, ta yi shiru, don ba huruminta ba ne. Amma wancan shi ne na farko, kuma ba wanda ya taɓa jin sa, har mai gidan.

"Ka ga ba ƙarya ke nan," ta ce wa allon.

Na tashi. Ta zauna a kujerar, ta gyara zane, ta kalli madannan. Inna ta iya haruffa, ita ke rubuta sunayen jarirai a rajistar asibiti da babban rubutunta mai kama da shinge, amma ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba. Na nuna mata cewa haruffan a warwatse suke, sai ta nemo kowanne, kuma abin da ta danna ɗigo-ɗigo zai fito, ba mai gani. Ta ce ta ji. Duk da haka ta warware mayafinta ta lulluɓe hannunta da madannan gaba ɗaya, ta cusa kai ciki.

Na juya mata baya, na tsaya tsakaninta da benci, na buɗe nawa mayafin. Allah ya sani ina son in waiwaya. Ban taɓa son ganin wani abu a duniya kamar yadda na so ganin inda yatsan nan ke sauka ba. Ina jin ƙarar madannan a bayana, ɗaya, sai dogon shiru, sai wani. Na kama kaina ina ƙirgawa, na daina da gangan, na shiga karanta lambar motar da ke tsaye a waje. Mai shago da ke jikin ƙofa ya dube ni, ya dubi Inna, sai shi ma ya juya ya fuskanci titi.

Sau biyu ake rubutawa. Na farko bai dace da na biyu ba, jan rubutu ya fito. Ta kira ni da "ke", na share mata gurabun ba tare da na ga komai ba sai ɗigo, na koma na juya baya. Dattijon mai sanda ya daina bugawa. Ba wanda ya ce ta yi sauri.

"Na gama."

Na danna maɓallin ƙarshe. Abin ya juya, ya juya, sai ga koren rubutu: an tantance. Mai shago ya buga mana takardar shaida, ga hoton Inna tana harara, ga sunanta a cikin rayayyu. Na fita daga shafin, na rufe tagar, na sake buɗewa don in tabbatar ba abin da ya rage. Na sha yin abubuwan da nake alfahari da su a wurin aiki, amma ban taɓa jin kaina ya yi girma kamar lokacin da tsohuwar nan ta miƙe daga gaban na'urar tana yafa mayafinta ba.

Maƙwabcinmu masinja ne na gaba. Ya zauna ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ɗana, ni ma da kaina zan danna tawa. Ba don na ƙi ka ba."

Mai shago ya yi ɗan murmushi. Ya ɗauki littafin shuɗin nan ya jefa a aljihun tebur, ya murɗa makulli.

A tasha, muna jiran motar Kusada ta cika, na saya mata dafaffiyar gyaɗa. Muka zauna a benci tana ɓarewa tana zuba ɓawon a gefen zane. Na daure, na daure, na kasa.

"Inna, wane suna ne?"

"Ba ke kinka ce kada a hwaɗa ma kowa ba?"

"Ai ni ce mai sunan."

"Kowa dai kinka ce."

Ta kama ni da igiyata. Sai ma'aikaciyar da ke cikina ta motsa, don akwai abin dubawa na gaske. Na ce mata baɗi za a sake tambayarta, kuma in ta manta ba mai iya taimakonta, ko ni. Tunda ba ta yarda a rubuta ba, ta tabbata za ta riƙe shi har shekara?

Ta daina ɓarar gyaɗar. A karon farko a ranar ta dube ni ido cikin ido, ɗan lokaci kaɗan, sannan ta mayar da kai ga zanenta.

"Abin da nike hwaɗi bayan kowace salla, shekara arba'in da shida, shi zan manta?"

Kwandasta ya buga ƙofar mota ya ce saura mutum ɗaya. Ta kakkaɓe zanenta, ta cusa takardar shaidar a cikin lalita, ta shiga. Na tsaya a tashar har motar ta fita, sannan na nemi bayan wata rumfa na yi kukana, na wanke fuska da ruwan leda, na koma ofis.